Ƙwan gidanki, ke za ki fara ci: yadda mai ciki za ta samu kolin a ƙauye

Talata ce ranar awo a ɗan asibitinmu, a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Kafin hantsi benci ya cika, waɗanda suka makara su shimfiɗa zani a gindin darbejiya. Shekara 17 ke nan ina wannan aiki, kuma in na gama auna hawan jinin mace, tambayata ɗaya ce: "Jiya me kika ci, tun daga safe har kika kwanta?" Amsar ma kusan ɗaya ce. Koko ko ɗumame da safe, fura da rana, tuwon dawa miyar kuka da dare. Sai in ce, "Kina da kaji?" Ta ce akwai. "To ƙwan fa?" Ta ce an kai Gujungu ranar Lahadi, ko kuma an bar wa kaza ta yi kwanci.

A kan ƙwan nan zan yi magana, shi da wani sinadari da ke cikin gwaiduwarsa mai suna kolin. Sunan ba ruwansa da kayan koli. Daga kalmar Girkanci ya fito mai nufin ruwan matsarmama, don a cikinsa aka fara gano shi. A shekarar 1998 majalisar masana lafiya ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da dole jiki ya samu daga abinci, ta kuma yanke adadi: mace miligiram 425 a rana, mai ciki 450, mai shayarwa 550. A 2016 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce mai ciki 480. A can Amurka, inda abinci ya wadata, mata masu ciki 90 cikin 100 ko fiye ba sa cika adadin. To ina ga wadda koko da tuwon dawa ne cimarta?

Ga aikinsa a taƙaice. Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, kowace da 'yar fatar da ta kewaye ta, kamar yadda kowane ɗaki yake da bango. Kolin yana cikin kayan ginin bangon nan. Ɗan tayi kuwa dare da rana sabon gini ake yi a jikinsa, musamman a ƙwaƙwalwa. Da kolin ne kuma jiki ke haɗa asetilkolin, sinadarin da jijiya ke miƙa saƙo da shi ga 'yar uwarta. Sannan yana aiki kafaɗa da kafaɗa da folik asid, 'yar ƙaramar ƙwayar nan da muke ba ku a awo, wajen rufe laka da ƙwaƙwalwar ɗa a farkon ciki.

Wannan na ƙarshen da hannuna na taɓa shi. Wani daren damina na karɓi haihuwar wata yarinya, cikin fari. Naƙuda ta zo da sauƙi, yaro ya faɗo ya canyara kuka. Da na juya shi zan goge masa baya, sai yatsuna suka taɓa wani ƙullutu mai laushi a ƙasan gadon bayansa, girman lemon tsami, siririyar fata ta rufe shi, ana hango ruwa a ciki. Kakar ta matso da fitila, ta duba, ta yi salati, ba ta ƙara cewa komai ba. Na jiƙa bandeji mai tsabta na rufe wurin, na kwantar da shi rub da ciki, muka zauna jiran asuba a samo motar da za ta kai su Kano. Uwar sai da cikin ya kai wata bakwai ta fara zuwa awo. Ban ɗora mata laifi ba, yanzu ma ba na ɗora mata, don haka aka saba. Amma lakar nan a cikin kwana 28 na farko take rufewa, lokacin da mace ba ta ma gama tabbatar da ɓatan watan da ta yi ciki ne ba. Folik asid shi ne babban rigakafin da aka tabbatar. Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan matan Kalifoniya ya nuna waɗanda suka fi ƙarancin kolin a abincinsu sun fi haihuwar yara masu wannan larura.

Don haka farkon abin yi: kada ki jira ciki ya fito. Amarya ce ke, ko kin yaye kina sa rai, to yanzu ne lokacin. Ki zo ki karɓi folik asid, ki fara cin ƙwai. Ranar da kika ga watan ya wuce ba ki ga al'ada ba, ki zo awo, ko da kunya za ta sa ki jira sai mutane sun watse. Ina zama har la'asar saboda irinku.

Yanzu maganar jini, don a nan mutane ke ruɗewa. Kwanaki 'yar yayata da ke aure a birnin Kano ta kira ni. Ta karanta labarin kolin a waya, hankalinta ya tashi. "Anti, a ina ake gwajinsa? Ina so in san ko nawa ya yi ƙasa." Na ce mata ta adana kuɗinta ta sayi kiret ɗin ƙwai.

Gwajin da muke yi a awo na yawan jini ne, da zazzaɓin cizon sauro, da rukunin jini, da cututtukan da uwa ke iya sa wa ɗa, sai fitsari. Babu kolin a ciki. Ana auna shi, amma a ɗakunan bincike, kuma ko an auna miki lambar ba za ta gaya miki abin da kike son sani ba. Kin san gidan mutunci: ko rumbu ya kusa ƙarewa, kwanon da za a fitar wa baƙo a cike yake fita. Wanda ya dubi kwanon ba zai san halin da rumbu ke ciki ba. Hanta ita ce rumbun, jini shi ne kwanon. In abinci ya gaza, jiki sai ya riƙa ɗebowa daga hanta da sauran sassa yana zubawa a jini don kada ya yi ƙasa sosai. Ga shi kuma lambar tana hawa bayan an ci ƙwai, ta sauko bayan 'yan sa'o'i, ta safe daban ta yamma daban.

In ciki ya shiga, abin ya ƙara sarƙewa. Mabiyiya ba jira take a ba ta ba, janye kolin take daga jinin uwa tana tura wa ɗa, har ya zama wanda ke jinin ɗan tayi da na jariri sabon haihuwa ya ninka na babban mutum sau da yawa. A gwajin da aka yi da ɓeraye an ga hantar uwa tana zubar da ajiyarta lokacin ciki, ta ƙara zubarwa lokacin shayarwa. Allah cikin ikonsa ya sa hantar mace tana ƙera kolin da kanta, kuma sinadarin mata da ake kira istirojin, wanda ke hauhawa lokacin ciki, yana ƙara mata ƙaimi. Sai dai abin da take ƙerawa ba ya isa, kuma akwai matan da suka gaji hantar da ba ta amsa wannan kira sosai. Ba a gane su a fuska. Shi ya sa ni ma'aunina kwanon abinci ne. Abin da kika ci jiya ya fi gaya mini gaskiya a kan sirinji.

To bari mu yi lissafin 450 ɗin nan da abin da muke da shi.

Babban ƙwan gidan gona guda ɗaya yana da miligiram 147, kusan duka a gwaiduwa. Farin ba shi da wani abin kirki ta wannan fanni, don haka wadda ke cin farin ta miƙa wa yaro gwaiduwa ta bayar da nata rabon. Ƙwan kazar Hausa da na zabuwa sun fi ƙanƙanta, ni 100 nake lissafa kowanne. Kofin madara ko nono kusan 40. Kofin dafaffen wake ya haura 50. Soyayyen waken suya rabin kofi, 107. Gyaɗa cikin tafin hannu kamar 20. Yankan kifi mai faɗin tafin hannu kusan 70, jan nama mai wannan girman ya kai haka ko ya fi. Gero, dawa, masara da shinkafa akwai a cikinsu, amma kaɗan ne, sai dai su cike gurbi.

Ki duba yini guda. Ƙwan gidan gona biyu, 294. Garau-garau ko ɗanwake ko alale da rana, a ce 50. Nonon da aka dama fura da shi, 40. Gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, 20. Kin haye 400, tuwon dare da miya su ƙarasa. Yanzu ki cire ƙwan biyu ki sake lissafi. Abin da ya rage ko rabi bai kai ba. Duk yadda na juya lissafin nan, in ba ƙwai sai an sha wuya, shi ya sa nake nanata shi har wasu matan suna gaishe ni da "Malama, na ci nawa na yau."

Ba sai kin riƙe alƙaluma a ka ba. Ki riƙe wannan: ƙwai biyu kullum in da hali, ɗaya in babu, sannan kada yini ya wuce ba wake ko waken suya a cikinki.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa. A Jami'ar Cornell ta Amurka an ɗauki mata 26 a watanni ukun ƙarshe na ciki, rabi ana ba su miligiram 480 a rana, rabi 930. An wallafa sakamakon a 2018. Jariran kashi na biyu sun fi saurin kai ido ga hoton da aka nuna musu, a gwajin da aka yi musu suna wata 4, 7, 10 da 13. Da yaran suka kai shekara 7 aka sake gwada su, aka ga sun fi daɗewa da tattara hankali a kan aiki. Mata 26 ba su kai waɗanda ke zama a bencina ranar Talata ɗaya ba, saboda haka ba na yi wa kowa alkawarin za ta haifi malami ko likita. Basira ta Allah ce, kuma tarbiyya da karatu da lafiya duk suna da nasu kaso. Amma abin da ake nema a ci ɗin ƙwai ne, ba wani abu mai haɗari ba, kuma a bayan ɗakinmu ake saka shi.

Yadda za ki yi da ƙwan. Ki ware kaza biyu ko uku ki ce waɗannan na ciki ne. Kazar Hausa takan saka goma zuwa goma sha biyar sai ta nemi kwanci. In kina kwashewa kullum kina barin guda ɗaya a gurbin, takan ƙara kwanaki tana sakawa. Ki sa wa wanda kika bari alama da gawayi don kada ki ɗauke shi ki bar sabo. Ki bar kaza ɗaya ta ƙyanƙyashe don kada iri ya ƙare. Ki ba su dusa da ruwa mai kyau, kada a bar su da tsince-tsince kawai. Kafin hunturu ya shigo a nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafi, don annobar nan da ke zuwa da sanyi a sati guda take share akurki. Mun sha gani.

Damina lokacin zabi ne. Daga saukar ruwa har kaka ƙwan zabi ya fi kowane lokaci araha, yara ma suna tsinto gurbinsu a gonaki. Ɓawonsa yana da kauri, ya fi na kaza jure ajiya. Wadda cikinta ya faɗo a damina ta yi sa'a, ta ci ta more. Kafin ki dafa kowane ƙwai da ba ki san ranar da aka saka shi ba, ki jefa shi a kwanon ruwa. In ya nutse ya kwanta, lafiya lau. In ya taso yana yawo a sama, baragurbi ne, a zubar.

Ki dafa shi ya dahu sosai, minti goma bayan ruwa ya tafasa, har gwaiduwa ta daskare. Wuta ba ta kashe kolin. In soyawa za ki yi, kada ki bar wurin da ke malala. Abin da nake roƙo a daina shi ne fasa ɗanyen ƙwai a madara ko lemon kwalba a ba mai ciki wai ƙarin jini. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, amai da gudawa da zazzaɓi kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai juna biyu. Na talla da aka dafa tun safe ya yini a rana a tasha, shi ma ki bar shi, ki dafa naki.

Sai babban aiki, wanda ya fi kiwon kajin wuya: shawo kan manya. A nan garin ana cewa in mai ciki ta ci ƙwai ɗa zai yi ƙiba ya ƙi fitowa. Wasu su ce zai zo ba gashi, wasu su ce zai tashi da ɗauke-ɗauke. Ni ma a cikina na fari uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta hana ni, kuma na bi, don kunya ba ta bar ni na ɗaga ido na yi mata musu ba. Ba mugunta ce ta sa ta ba. Ta ga mata sun kwana uku suna naƙuda, ta ga waɗanda suka fito da yoyon fitsari, ta ga waɗanda ba su tashi ba. Tsoronta na gaskiya ne, dalilin ne ba daidai ba.

Bara wata yarinya ta gaya mini a ɓoye cewa surukarta ta hana. Ban aika saƙo ba, da kaina na je bayan la'asar. Na tarar da tsohuwar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta, na ja faifai na taya ta. Sai da muka yi hirar damina da ciwon gwiwarta sannan na kawo maganar.

Ta ce, "Malama, ni goma na haifa, ban ci ƙwai ba ko sau ɗaya."

Na ce, "Gaskiyarki, Inna. Amma a zamaninku shanu nawa ne a gidan nan?"

Ta yi murmushi, ta ce ai garke ne, nono har sai an bayar. Kifi kuwa in kogi ya ja baya, a kwando ake kawowa.

Na ce, "To Inna, abin da kuka samu a nono da kifi, shi ne ita ba ta samu. Yanzu ƙwan nan ne ya rage mata. Wahalar naƙuda kuma ba daga ƙwai take ba. Ƙugun da bai gama buɗewa ba ne, ko kwanciyar ɗa ba daidai ba, ko ciwon suga da ke sa ɗa girma fiye da kima. Duk muna dubawa a awo. Ki bar mini wannan, ni kuma in bar miki dafa ƙwan, don na san in a hannunki yake ba za a yi fashi ba."

Ta yi shiru tana ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Guda nawa?" Na ce biyu. Ta ce, "Ɗaya dai tukuna." Na ce na gode. Kafin wata ya ƙare ita da kanta ta mayar da shi biyu. Abin da na koya shi ne kada a ƙwace wa tsohuwa girmanta. A ba ta aikin a hannu, ta fi kowa riƙe shi. Ke kuma mai cikin, kada ki yi jayayya da ita. Ki gaya mana, mu za mu zo.

Malam maigida, kai ma ga naka. Na san ƙwan nan kuɗin gishiri ne da sabulu, na san kaza ita ce asusun gida. Amma Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma a nan bakin na mutum biyu ne. Ranar kasuwa in ka tsaya wurin mai shayi aka soya maka biyu, ka sa a ƙulla maka ɗanye huɗu ka kai gida. In ka sayo tsire ko balangu da dare, a fara cire nata kafin a kai zaure. Kuma ka tambaya ka ji ko ita ta ci, don mace in aka ba ta abu mai daɗi yara take rarraba wa, ta lashi yatsa.

In ƙwai ya yi wuya, kamar a tsakiyar rani, waken suya ne madogara. Ga yadda nake haɗawa a gidana. Kwano uku na gero, kwano ɗaya na waken suya, rabin kwano na gyaɗa. A tsince waken, a soya shi a kasko ba mai, ana juyawa har ya yi ja ya fara ƙamshi. A ɓarza, a fece dusar. Gyaɗar ma a soya a murje, amma kafin nan a zauna a tsince duk wadda ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko ta yi funfuna, don gubar da ke cikin irin wannan hanta take ci kuma wuta ba ta kashe ta. A haɗa da geron da ɗan citta da kanumfari a kai inji. A zuba a mazubi mai murfi, a yi wanda zai ƙare cikin sati biyu saboda man da ke ciki yana sa shi ɗaci in ya daɗe. Kullum da safe a dama kunu mai kauri, a bar shi ya tafasa sosai. Awara ma tana da kyau, sai dai ba ta kai waken da aka ci dukansa ba. In kin dafa wake kuma, kada ki tsiyaye ruwan dahuwar ƙarshe ki zubar, wani kason yana cikinsa.

Nono sai wanda aka tafasa madararsa kafin a kwantar. Ki tambayi mai kawo miki, in kina shakka ki sayi madarar ki tafasa ki kwantar da kindirmonki. Ɗanyar madara tana ɗauke da cututtukan shanu, har da tarin fuka. Kifi, ɗanye ko banda, ko 'yan ƙananan busassun nan da ake kawowa daga wajen Haɗeja, a daka a zuba a miyar kuka, ya fi a ce ba komai.

Hanta sai an yi hattara, kuma ina so a ji ni da kyau. Tana cikin abincin da suka fi yawan kolin: giram 85 na hantar sa yana da miligiram 356. Amma tana cike da bitamin A, wanda in ya yi yawa a farkon ciki yana iya nakasa ɗan tayi. A Ingila ma cewa ake mai ciki ta bar ta gaba ɗaya. Ni abin da nake gaya wa matanmu shi ne a watanni ukun farko a haƙura da ita. Bayan nan 'yar tsoka biyu ko uku, sau ɗaya a sati, dafaffiya sosai. In Babbar Sallah ta same ki da ƙaramin ciki, ki ci naman, ki bar musu hantar.

Mai laulayi kuma, na san ƙarnin ƙwai kaɗai yana iya tayar miki da zuciya. Kada ki tilasta wa kanki da sassafe. Wani ya dafa a nesa da ke, a bar shi ya huce, don mai sanyi bai kai mai zafi ƙarni ba. Ki ci da yamma da ɗan yaji da lemon tsami, ko a marmasa gwaiduwar a cikin kwaɗo ko miya, ko a fasa a ƙullun alale kafin a turara. In duk ya gagara, ki riƙe kunun waken suya da gyaɗa har laulayin ya lafa. Amma aman da ko ruwa ba ya zama, wannan na asibiti ne, a ranar.

Game da ƙwayoyi: na ƙarin jini da folik asid da muke bayarwa babu kolin a cikinsu. Sabuwar ƙwayar nan mai sinadarai 15 da aka fara rabawa masu ciki a wasu wurare, ita ma babu. Wannan ba dalilin ajiye su ba ne, aikinsu daban, kuma ƙarancin jini yana kashe mata a nan. Ki sha kullum, ki raba lokacin shan na ƙarin jinin da na shayi ko madara, don suna hana jiki tsotse shi. Ana sayar da kolin na kwalba a manyan kantunan magani na birni, da tsada. Kada wani mai kemis ko mai tallan magani a kasuwa ya miƙo miki kwalba ki karɓa ba tare da likita ya gani ba. Iyakar da aka sa wa babban mutum miligiram 3,500 ce a rana. Da abinci ba za ki taɓa kaiwa can ba, da ƙwaya kuwa ana iya wucewa, sai ga gumi da amai da faɗuwar jini, jiki ya riƙa ƙarnin kifi.

In Allah ya sauke ki lafiya, kada a ce an gama. Buƙatar hawa take zuwa 550, don ta nono kolin ke bi ya isa ga jariri, ƙwaƙwalwarsa kuwa ba ta daina gini ba. A nan al'adarmu ta yi kyau, ana ji da mai jego, ga ƙauri ga farfesu. Yanzu ne lokacin hantar: ta ragon suna a soya a kai mata ɗaki kafin a fara rabo. Sai dai gatan yakan ƙare da arba'in, shayarwa kuwa har kusan shekara biyu, to kajin nan da aka ware kada a sayar da su don hidimar suna. Kunun kanwa a rage shi ƙwarai, gishirin da ke cikin kanwa yana wahalar da zuciyar mai jego. Kunun gero da waken suya da gyaɗa ya maye gurbinsa.

Yaro in ya cika wata shida, nono zalla ya daina isarsa, sai a fara ba shi nasa. A dafa ƙwai ya dahu, a murje shi da cokali a cikin ɗan kunu mai ɗumi har ya yi laushi, a fara da cokali biyu ko uku, ana ƙarawa a hankali har ya iya cinye guda. In kin ga ƙuraje sun feso masa ko leɓe ya kumbura bayan ya ci, ki dakata ki kawo shi mu gani. Ranar rigakafi Alhamis ce a wurinmu, ki zo da katinsa da naki na awo, duka biyun nake dubawa.